Karfin jadawali wajen daukar sabbin yara a gem din kwallon kwando: kowa ya fadi yadda ta kaya masa

Koci_Dogo:
Salam yan uwa. Ina so kowa ya baje abinda ya gani da idonsa akan maganar karfin jadawalin nan, wato karfin kungiyoyin da aka kara da su, don ni dai ta ci ni a sizin din da ya wuce. Na hango wani yaro gad (mai rike kwallo) yana zuba maki 27 duk wasa a sakandare, ban yi wata-wata ba na juye masa kusan duk abinda nake da shi na zawarci na bashi gurbi, har ina ta murna na kwace shi daga hannun wani koci da muke takun saka a gem din. Yaro ya iso, wasa goma na farko ko maki 6 baya kaiwa, da an dan matsa masa sai ya saki kwallo. Sai daga baya na bude jadawalin makarantarsu, ashe cikin wadanda ya rika ragargaza da kyar zaka samu wadda ta ci rabin wasanninta. To ku ya kuke yi, lambar SOS din (ma'aunin karfin jadawali) kawai kuke kallo ko kuna bin wasa daya bayan daya?

Mai_Lissafi:
Allah sarki koci, wannan rami ba wanda bai fada ba. Ni abinda ya fara bude min ido shine sanin yadda ake hada lambar. Tsohon tsarin auna kungiyoyi na RPI da NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, tayi amfani da shi daga 1981 har aka maye gurbinsa da NET a 2018, kashi 25 nasarorin kungiyar ne, kashi 50 nasarorin abokan karawarta, sauran 25 na wadanda su abokan karawar suka kara da su. Da ka cire kason farko abinda ya rage shine karfin jadawali. Matsalar ita ce idan rukuni ya rufe kofa, su ya su suke ta bugawa, matsakaicin nasara dole ya tsaya a kashi 50 ko da duk ragwaye ne, tunda duk wasa daya zai ci daya zai sha kashi. Na taba daukar senta (dogon da ke tsayawa karkashin raga) daga irin wannan rukunin, lambarsa ba laifi, ashe dodon kauye ne kawai.

Dan_Benci:
Gaskiya ni akasin haka ne ya same ni, kuma har yau abin na min ciwo. Akwai wani siririn yaro da na sa a lis dina tun farko, da naga jadawalinsu ba karfi sai na goge shi nace maki ne na banza, wani koci a rukuninmu ya dauke shi kusan kyauta ba wanda ya ja da shi, sizin uku yaron nan yana gasa min aya a hannu gida da waje. Ai ko a zahiri haka take, dubi taurarin NBA, Stephen Curry daga Davidson ya fito, karamar makaranta, Damian Lillard daga Weber State, Ja Morant daga Murray State. Ba yaro bane ya zabi wadanda zai kara da su.

Mai_Lissafi:
Haka ne dan uwa amma ka karasa labarin mana. Curry a gasar NCAA ta 2008 ya zuba wa Gonzaga 40, Georgetown 30, Wisconsin 33, sai Kansas ce ta tsayar da su da kyar 59 da 57. Ranar da ya hadu da manya bai buya ba.

Koci_Hajiya:
Yawwa, nan nake so a zo. Ni na daina kallon matsakaicin maki gaba daya. Ina bude wasannin yaro in ware hudu ko biyar da ya buga da kungiyoyi mafi karfi in rubuta su daban a takarda, wlh aiki ne amma yana biya. Wanda na dauka bara maki 14 kawai yake ci, ba mai kallonsa, amma da manya 13 ne, 15, 12, 16, baya motsi, kuma tanobarsa (asarar kwallo) bata karuwa in an matsa. Wani kuma da ake ta rububinsa 30 yake ci da kanana, da ya hadu da masu tsaro na gaske sai kaga jifa 17 ya ci 4. Sannan ina duba firi turo (jifan kyauta bayan an yi keta), don shi dai ba mai tare ka, ko da wa kake wasa layin daya ne, yaron da yake cin 8 cikin 10 a can hannunsa na da kyau ko a wane rukuni yake. Ribawun (cafke kwallon da ta ki shiga) da bulok (tare jifa) su ne nafi zargi, dogon yaro a cikin gajeru kwasa kawai yake.

Baban_Tsaro:
Hajiya kin gama magana, abu daya zan kara. Lambar nan ta kungiya ce fa ba ta dan wasa ba. Na taba rudewa da wani fowad (dan gaba) daga makarantar da jadawalinta yafi na kowa zafi, minti 9 yake samu, na lissafa alkalumansa akan minti 40 naga abin ba'a magana. Ashe sai an gama wasa ake sako shi, an basu ratar 20 ko sun bayar, shi da yan bencin daya bangaren suke ta guje-guje. Manyan da suka daga lambar bai taba tsayawa gabansu ba. Yanzu shekararsa ta uku a wajena, yana nan yana dumama kujera.

Koci_Dogo:
Na gode kwarai jama'a. Na bi hanyar Hajiya a daren jiya akan yara biyu da nake zawarci, gurbi daya ya rage min. Na farko maki 24 amma wasa biyu kacal ya buga da manya, daya 21 daya 7, firi turonsa kuma 6 cikin 10. Na biyu 15 ne, jadawali mai zafi, minti 30 yake bugawa. Zuciyata na ja na wajen mai 24 din ba zan boye muku ba, amma na biyun na tura wa tayi. In ya ki ni kuma zaku ji ni.