Endemic da epidemic: a taimaka min kafin ƙarfe shida

Sa'adatu Garwa: Salamu alaikum. Wata ƙungiyar lafiya ta aiko mana takarda da Ingilishi, ni zan karanta ta a shirin Hausa na yamma. Sun ce maleriya endemic ce a jihar Arewa ta Kamaru, kwalara kuma epidemic. Wanda ya fara fassarawa ya sa "annoba" duka biyun. Kunnena bai yarda ba.

Malam Ummaru: Kina da gaskiya, ƙanwata. Annoba ta kwalara ce: ta faɗo ba sallama, ta kwashi mutane, ta wuce, kamar ta 2010 a Arewa Mai Nisa. Palu kuwa, wato maleriya, kullum yana nan, damina ta sauka ya ƙaru. Shi ya sa muke bi gida-gida da damina muna ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin kariya. Kika ce annoba a rediyo, gobe da safe iyaye mata za su cika mana asibiti da goyo suna tambayar me ya ɓarke. Ki sa "cuta 'yar gida".

Bello Kusiri: 'Yar gida za a ji kamar a ɗaka ake ɗaukarta. Zaunanniyar cuta fa?

Alhaji Sani Marwa: Na sha faɗa a nan: DAUWAMAU. Awo ɗaya da sanƙarau, kalma guda, ba jan magana. Kuma Malam, ka daina ce mana palu. Zazzaɓin cizon sauro muka sani.

Malam Ummaru: Allah ya ja kwana, Alhaji, dauwama ai har abada ce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Aljeriya ta rabu da maleriya. Kada mu yi wa kanmu baki.

Bello Kusiri: A duba yadda 'yan Kano suke cewa mana.

Hajiya Dudu: Sai Kano ta sa hannu kafin mu yi magana a Garwa? Masu sauraron Sa'adatu da yawa paɓɓooje suke cewa a gida, palu a kanti. Su za ta yi wa magana.

Alhaji Sani Marwa: To ga shi nan. Fulatanci, Faransanci, sai Hausar ta zama fate-fate.

Hajiya Dudu: Asibiti da rediyo fa, Alhaji, daga kakanni muka gaje su?

Sa'adatu Garwa: Iyayena, saura minti 40. Na rubuta: "maleriya ta zauna da gindinta a jihar nan, kwalara kuwa annoba ce mai ɓarkewa." Ya yi?

Malam Ummaru: Ya yi. Sai dai sanƙarau zai ba ki wuya wata rana, don shi yana zaune, kuma da rani yakan ɓarke.

Alhaji Sani Marwa: Jimla kika yi, 'yata, ba kalma ba. Ki karanta haka na yau. Dauwamau dai ban janye ba.