Na haɗa Nexus a ofis amma data bata daina ƙarewa ba, a taimaka

Mai tambaya:
Slm 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Mu shida ne a wani ɗan ofis a Kano, muna aikin manhajar Android da kuma yanar gizo, kuma kowa ya zo da safe sai ya buga npm install ko ya buɗe Android Studio, Gradle mai haɗa manhajar Android ya kama sauke kaya, abu ɗaya mutum shida kowa na sauke nasa, kafin sati biyu datar wata ta tafi. Shine na ɗauko wata tsohuwar kwamfuta na sa mata Nexus Repository, manhajar da ke ajiye kayan da aka sauke sau ɗaya kowa ya ɗauka daga cikin ofis, na buɗe firoksi (mai sauko kaya daga waje ya ajiye) na npm, wato ma'ajiyar kayan JavaScript, da na Maven Central, ma'ajiyar kayan Java. Na npm yana aiki, amma ɓangaren Android kamar ban yi komai ba wlh. Sannan jiya wani fakej, wato ƙunshin kod da ake saukewa, da aka fitar da sabonsa da safe, har yamma Nexus na cewa 404 babu shi, alhali ina ganinsa a shafin npm da idona. Oga ya fara min wani kallo, dan ni na ce masa wannan abin zai rage mana kashe kuɗi.

Wani daga Kaduna:
Wslm. Malam a ina ka sa adireshin Nexus ɗin? In a settings.xml ka sa to Maven kaɗai ke karanta wannan, Gradle ko kallonsa baya yi. Ka rubuta init.gradle a cikin .gradle na kowace kwamfuta ya juya su zuwa sabarka. Kuma yawancin kayan Android ba a Maven Central suke ba, AndroidX da filogin ɗin Android duk a ma'ajiyar Google suke, wato maven.google.com, ga kuma plugins.gradle.org. To kai ƙofa ɗaya ka tsare ka bar biyu a buɗe. Buɗe firoksi ga kowanne, ka zuba su cikin gurup ɗaya, adireshi ɗaya kawai zaka raba wa yaranka.

Mai tambaya:
Kai, a settings.xml ɗin kuwa na sa. Na gwada init.gradle ɗin yanzu amma Gradle ya ƙi, wai adireshin ba amintacce bane.

Wani daga Kaduna:
Eh dan http ne. Tun daga Gradle 7 sai ka rubuta allowInsecureProtocol = true kafin ya yarda. Tunda cikin ofis ne kawai ba laifi, amma ranar da zaka buɗe shi ga waje ka sa sabar Nginx a gaba da satifiket na https.

Wata 'yar gurup:
Maganar 404 ɗin nan ni ma ta taɓa cinye min yini guda. Nexus ba kaya kaɗai yake ajiyewa ba, har "babu" yana ajiyewa. In wani ya nemi abu kafin a fitar da shi, sai ya riƙe cewa babu shi na minti 1440, awa 24 kenan, ba zai sake zuwa ya tambaya ba. Haka jerin sigogin fakej, shi ma Maximum metadata age a 1440 yake zuwa, shi yasa baya ganin sabo. Shiga setin ɗin firoksin ka danna Invalidate cache, in kana da gurup shi ma ka danna masa. Ni na mayar da nawa minti 30 na huta. Amma shi kayan da aka riga aka sauke kar ka rage masa lokaci, sigar da aka fitar bata canzawa, ka sa Maximum component age a -1, wato ba ranar ƙarewa, ta zauna abinta, ai dama dan ita ka haɗa abin.

Wani kuma:
Ni dai gaskiya mutum shida Nexus yayi muku yawa, abin cin RAM ne kamar me, Java ne fa. Verdaccio, wata ƙaramar manhaja mai irin wannan aikin, ya isa, minti biyar ka gama.

Wata 'yar gurup:
Yaya baka karanta tambayar ba ne? Verdaccio npm kaɗai ya sani, Gradle ɗin fa wa zai riƙe masa?

Admin:
Ɗan'uwa abu biyu da ba'a faɗa maka ba. Na farko wuta. Kar ka bari kwamfutar nan ta riƙa mutuwa kwatsam in an ɗauke, ma'ajiyar bayanan Nexus bata son haka, mu tamu ta lalace sau ɗaya sai da muka sake sauke komai daga farko a kan datar waya, ranar ba wanda yayi dariya. Sa ta a inbata ko UPS, kuma ka riƙa kwafe nexus-data zuwa wani faifan.

Na biyu, in kun fara ɗora naku fakej na cikin gida, ku sa masa sunan kamfani a gaba irin @kamfani/kaza, ka kuma sa Routing Rule da zai hana firoksin zuwa nemansa a waje. A Fabrairun 2021 Alex Birsan ya nuna yadda ya shiga tsarin Apple da Microsoft da PayPal ta hanyar ɗora fakej mai suna irin nasu na cikin gida a ma'ajiyar kowa da kowa da lamba mafi girma, injinansu suka ɗauko nasa da kansu. Ba sai kana babba abin zai same ka ba.

Af, ka leƙa package-lock.json ma, zaka ga IP ɗin ofis ya fara shiga layukan resolved, inda ake rubuta adireshin da aka sauko kowane fakej, duk wanda ya ja aikin daga gida zai maƙale.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. 404 ta tafi ina danna abin nan, Gradle ma na gwada a laftof biyu, ta farko ta ɗau lokaci, ta biyun kafin in zuba shayi ta gama. Admin na duba lock ɗin, wlh 192.168 ne cike a ciki kuma har an tura GitHub tun shekaranjiya. Ya zan yi da wannan kuma?