"Iya ruwa fid da kai": son kai ne ko sanin kai?

Ɗan Birnin Kebbi: Salamu alaikum. Jama'a, a warware mini wannan. Maƙwabcinmu ne ma'ajin masallacin unguwa, shi ke tara kuɗin 'yan sintiri, kuma duk maras lafiyan da aka kawo daga ƙauyensu gidansa yake sauka. Da aka ce ya ƙara da sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗalibai sai ya ce a'a, iya ruwa fid da kai. Yanzu ana ta cewa ya fara gudun mutane. A muhallinta ya ajiye maganar kuwa?

Bakabe: Wa alaikumus salam. Ɗana, wagga magana ku bar mu da ita, mu da munka tashi bakin kogin Matan Fada na Argungu. Tun 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ake bikin kamun kifi a nan. Ka dubi masunci ranar kamun kifin: da homarsa yake faɗawa ruwa, amma ba ya rabuwa da gorarsa. A kanta yake hutawa, a cikinta yake zuba kifi. Wanda ya saki gora don haɗamar giwan ruwa, shi ake cetowa. Kuma ka lura, ba a faɗin wannan magana ga wanda ya zauna kan tudu yana kallo. Sai wanda ya shiga. Maƙwabcinku ai yana ciki tsundum.

'Yar Gusau: Baba, a gafarce ni, ni ba haka nake jinta ba. A nan, in mutum ya zille ya bar 'yan uwansa cikin rigima, ita yake fakewa da ita. Ku zo Gusau ku ga gidaje cike da dangin da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka. In kowa ya ce fid da kai, wa zai buɗe musu ƙofa? Zumunta a ƙafa take.

Malamar asibiti, Ƙaura Namoda: Yaya, ƙafar ma tana gajiya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace irin gajiyar nan da matsin aiki na dogon lokaci ke jawowa. Ba ta kira ta cuta ba, amma ta ba ta alamomi 3: ƙarfin mutum ya ƙare, ya ji aikin ya fita ransa, sannan ingancin aikinsa ya ragu. Ta biyun ce ke ba ni tsoro. Na ga abokiyar aikin da ba ta taɓa ƙin karɓa wa kowa aikin dare ba. Yau ita ce ke daka wa majinyata tsawa, ko biki ba ta zuwa. Wanda bai ce a'a ga abu guda ba, shi ne ke wayar gari ya tsani kowa.

Malam na Gwandu: Akwai abin da ya fi karin magana ƙarfi. Salmanul Farisi ya tarar Abu Darda'i yana azumi da rana, yana tsayuwar dare, ya bar iyalinsa. Ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi, iyalinka suna da haƙƙi, ka ba kowa nasa. Annabi (SAW) ya ce Salmanu ya yi gaskiya. To in ibada ma an yi mata iyaka, ina ga sakatarancin ƙungiya? Sai dai 'yar uwarmu ta Gusau ba ta yi kuskure ba: saukar da wanda aka koro daga gidansa daban, rubuta bayanan taro daban.

'Yar Gusau: Yauwa Malam, nan nake. Ya ƙi muƙami, ban da ja. Amma na san waɗanda za su karanta wannan su kashe waya ranar da ƙanwarsu ke naƙuda.

Ɗan bautar ƙasa a Zuru: Ni matsalata kunya ce. Kawuna ya kira ƙarfe 11 na dare ya ce gobe in kai masa saƙo Jega, ta yaya bakina zai iya furta a'a? Kara ta hana.

Hajiya ta Yawuri: Ba a ce wa babba a'a tsirara, ɗana. Ka gaishe shi da kyau, ka ce, "Kawu, gobe ina wurin aiki, amma Asabar in Allah Ya yarda zan kai." Ka faɗi abin da za ka iya, da ranarsa, sannan ka cika. Abin da ke ɓata zumunci shi ne "to" ɗin ƙarya: ka amsa, ka kasa, ka koma ɓuya kana ƙin ɗaga waya. Ni ranar Juma'a ba na karɓar ɗinki, unguwa duk ta sani. Da farko an yi ta gunaguni, yanzu Alhamis suke kawowa. Kuma ba bikin sunan da ya wuce ni.

Ɗan bautar ƙasa a Zuru: Hajiya, ba ki san kawuna ba. Cewa zai yi to Asabar ɗin in biya ta Koko in ɗauko masa buhun gero.

Hajiya ta Yawuri: Sai ka ce ya turo kuɗin mota.