Neman shawara: yaya zan yi amfilifaya ta riƙa tashi da kwanciya tare da risiba?

Baban Ummi, Unguwar Dosa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya ishe ni.

Ina da risiba ta kallon fim a falo, Denon ce ta hannu, wani abokin aikina ya sayar mini da aka mayar da shi Abuja. Ta zo da sifiku biyar da sabufa. Na gaban ƙanana ne, ba su gamsar da ni ba, sai na karɓo manya guda biyu a wurin ƙanin matata da ya bar sana'ar DJ. Surukinsa ne ya ce masa ko kiɗa ko 'yarsa, ya zaɓi 'yar, yanzu yadi yake sayarwa a Kasuwar Barci. Ya haɗa mini da amfilifayarsa, irin baƙar nan mai nauyi da ake ɗaurewa cikin akwati. Kuɗin ma ban gama biya ba, kuma kun san bashin suruki, ba a yi maka magana amma kana ganinsa a ido duk ranar suna. Aka jona ta ta ramukan Pre Out, inda risiba ke fitar da sauti zuwa amfilifaya, sauti kam sai wanda ya ji.

Ga matsalar. Risiba da rimot ake kashe ta, ita kuwa amfilifaya sai an tashi an danna makunninta da hannu. Ni ina tunawa, amma da sassafe nake fita. Yara su dawo daga Islamiyya su yi kallo, su kashe talabijin da risiba, su bar ta. Uwargida ta ce ita ba za ta taɓa wannan injin niƙan ba. Haka za ta kwana fanka na juyi, da asuba inbata ta fara kuka. Wata rana kuma akasin haka, a kunna risiba a manta da ita, a kira ni ina ofis wai kaya sun lalace, magana kawai ake ji babu kiɗan fim. Ga Hajiyata ta zo ganin likita tana ɗakin da ke jikin falo, duk lokacin da aka kashe risiba aka bar amfilifaya sai sifikun su yi wani "dum" ta farka tana salati.

Don Allah akwai yadda za a yi in an danna rimot ɗaya duka su tashi, in an kashe duka su kwanta? Ba na son abin da zai ci kuɗi.

Injiniya T/Wada:
Wa alaikumus salam. Malam, mun ji labarin suruki da na Islamiyya, amma ba ka faɗi lambar risibar ba, ba ka faɗi sunan amfilifayar ba, kuma nan ne maganar take. Ka haska bayan risibar da tocilan waya, ka nemi ƙaramin rami irin na iyafis da aka rubuta Trigger Out ko DC Out a kansa. Aikinsa ɗaya ne: risiba ta tashi ya fitar da bolt 12, ta kwanta ya ɗauke. Amfilifayar da aka ƙera don gida tana da nata ramin, Trigger In. Sai ka sayi 'yar waya mai kai 3.5 gaba da baya, mai baƙin zobe ɗaya a kan, ba mai zobe biyu irin ta jin waƙa ba, ka jona, an gama. Amma tunda ka ce ta DJ ce, da wuya a samu ramin a jikinta. Waɗannan don filin biki aka yi su, inda mai kaya ke tsaye a kansu. Turo hoton bayan kowacce.

Baban Ummi:
Na gode Injiniya. Kabad ɗin a jikin bango kafinta ya kafa shi, kafin in juyo risibar sai na kwance wayoyi sun fi goma, kuma ba ni na haɗa na bayan ba. Na dai zura waya na ɗauka, na ga wani ƙaramin rami an rubuta Remote Control a sama. Ina jin shi ne.

Injiniya T/Wada:
Ba shi ba ne. Wannan na karɓar saƙon rimot ne, girman ramin ne kawai ya zo ɗaya. Kada ka soka komai a ciki.

Ɗan Rigasa:
Ni dai ban ga abin wahala a nan ba. Akwai ekstenshan mai uwa da 'ya'ya. Soket ɗaya shi ne uwa, nan za ka sa risiba, amfilifaya kuma a na 'ya'yan. Da ya ji uwa ta fara jan wuta sai ya saki wa sauran, ta koma barci ya datse su. Babu gyara babu mai gyara. Ka leƙa shagunan kayan lantarki na Ahmadu Bello Way, in babu ka yi oda ta intanet.

Injiniya T/Wada:
Ɗan Rigasa, ka taɓa sa shi a risiba ko a kwamfuta ka gani? Risibar zamani ba ta barci da gaske. In an bar ta tana wuce da hoto ta HDMI alhali tana kashe, ko tana jiran umarni ta intanet, wutar da take ja a kwance ta isa ta ruɗa ekstenshan ɗin ya ɗauka a farke take, ya ƙi datsewa. Sai mai ɗan maɓallin saiti a gefe, shi ma ka yini kana murɗawa. Na biyu, da yawa daga waɗanda ake tallatawa a intanet na Amurka ne, bolt 120. Mu nan 230 ake ba mu, in an ba mu. Ka soka shi ka ga hayaƙi.

Abin da zai yi aiki rile ne, wato makunnin da wuta ke dannawa ba hannu ba. Ramin tiriga, wato Trigger Out ɗin nan, ya ja ƙaramin rile, rilen ya ja kwantakta, wato babban rile mai ɗaukar wuta mai nauyi, kwantakta ta ba amfilifaya wuta. Dalilin hawa biyun shi ne ramin ba shi da ƙarfi: na Denon da Marantz miliamfiya 150 aka rubuta a jiki, na Yamaha 100. Ƙaramin rile mai bolt 12 yana cin 30 zuwa 40, ya wadatar. Amma amfilifaya mai katon tiransifoma a ciki, a daƙiƙar da aka ba ta wuta tana fizgar ninkin abin da take ci a aiki sau da yawa. Wannan fizgar ce ke narkar da bakin ƙaramin rile ya manne, ka wayi gari ya ƙi saki. Kwantakta ita aka yi wa wannan dukan. A sa dayod 1N4007 a kan nadin rilen don kada ya mayar wa risiba da naushi in ya saki, a sa fiyus, a rufe komai cikin akwatin roba. Kuma sai in makunnin amfilifayar irin mai tsayawa a danne ne. In mai taɓawa ne da ke komawa kashe duk lokacin da wuta ta yanke, to duk wannan bayanin ya tashi a banza.

Maman Iman:
Ni matar gidan nake tausaya wa wallahi. Namu maigidan rimot huɗu ya ajiye a kan tebur, ya rubuta musu lamba da maka. In ya yi tafiya ni da yara a waya muke kallo, ga talabijin inci 55 a bango tana kallonmu. Ranar da na yi baƙi 'yan ƙungiyarmu na so in sa musu bidiyon walima, sai da na kira shi yana kan hanyar Zariya yana ce mini danna na biyu, a'a ba wannan na biyun ba. Ku maza in kun sayi kaya ku riƙa tuna ba ku kaɗai ne a gidan ba.

Baban Ummi:
Hajiya, ai don saboda su nake wannan neman. Da don ni ne da ban yi tambaya ba.

Baban Khalifa, Kawo:
Ku bar raina abin da take ci a zaune. A ce wat 40 ne kawai. Awa 20 a rana ba a amfani da ita, a wata ya zama yunit 24. Tun Afrilun 2024 da aka kai Band A, rukunin da ya fi biyan kuɗin wuta, naira 225 kan yunit, ko da an ɗan rage daga baya, kana maganar wajen naira 5,000 a wata don fanka ta yi ta juyi. Mu a layinmu ma kuɗin manya muke biya, wutar kuwa sai mun yi barci take zuwa. Tiransifomarmu ta ƙone, mu muka yi karo-karo gida-gida, har da masu haya, aka gyara, ba a yi wata biyu ba aka zo yankan wuta. Wani maƙwabcina da ya ƙi biyan karo-karon shi ya fi kowa kunna hita.

Usta Mai Wayarin:
Yallaɓai kawo risibar Panteka. Rilen mota zan sa maka, bolt 12 ne shi ma, amfiya 30 yake ɗauka, ba ya mutuwa. Minti kaɗan ne.

Injiniya T/Wada:
Usta, da girmanka. Amfiya 30 ɗin nan a wutar batirin mota aka auna shi, ba a 230 ta gida ba, ba a yi shi don ita ba. Kuma nadinsa kaɗai yana iya cinye duk abin da ramin tiriga ke bayarwa har ya nemi ƙari. Ka ƙone wa mutum risiba ka bar shi da bashin suruki. Kowa ya tsaya a fanninsa.

Usta Mai Wayarin:
Mu da hannu muka koya ba da allo ba. Allah ya ba da sa'a.

Abban Sultan, Barnawa:
Soket mai wayo fa? Wanda ake kunnawa da manhajar waya. Akwai mai amfiya 16. Ka sa masa lokaci, ƙarfe 11 na dare ya kashe da kansa, ko kana ofis ka duba ka kashe. Bai haɗa ta da rimot ba, amma aƙalla batirinka ya huta.

Baban Ummi:
Ba mu da intanet na gida, wayata ce ke ba talabijin, in na fita na fita da shi. Kuma maganar rile da kwantakta, gaskiya Injiniya ina tsoron a yanka wayar amfilifayar, don in na kasa cika kuɗin zan iya mayar masa da kayansa yadda ya ba ni. Tawa shawarar, na ga akwai ramin USB a gaban risibar, wani a ofis ya ce a nan ma ana iya ɗaukar wuta.

Injiniya T/Wada:
Wa ya ce a yanka waya? Akwatin da nake faɗa soket ne a jikinsa, ka soka filogin amfilifaya kamar kowane soket, ranar mayarwa ka zare. Ka karanta abin da na rubuta mana. USB kuma bolt 5 ne, sai a nemi rile mai bolt 5, sauran haɗin duk ɗaya. Amma ka gwada tukuna: soka 'yar fitilar USB ko ka sa waya caji, ka kashe risiba da rimot. In wutar ta ɗauke, to. In ta ci gaba, ramin bai da amfani a wannan aikin, don wasu ba sa datse shi. Kuma tun kafin wani ya kawo maganar, in tsohuwar risiba ce mai soket a bayanta da aka rubuta Switched, kada a sa amfilifaya a ciki. Galibi wat 100 ko 120 aka rubuta a wurin, don na'urar faifai aka yi shi.

Tsohon DJ, Kabala:
Duk kun bar maganar Hajiyarsa da ƙarar ke tayarwa daga barci, ita ce ta fi damuna. Ƙa'idar aikinmu: amfilifaya ita ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa. Wannan "dum" ɗin ba tsoratarwa kawai yake yi ba, yana iya kashe ƙaramar sifikar sama. Kuma rile ba lallai ya magance shi ba, don irin waɗannan ko an zare musu wuta suna riƙe caji na 'yan daƙiƙu, ƙarar ta riga ta wuce. Ka rage maɓallan ƙarfi biyun da ke gabanta, na tabbata a ƙure suke yadda yaron ya saba a filin biki. Falo ba Murtala Square ba ne. In son samu ne ma ka mayar masa, ka nemi ta gida mai jin sauti ta tashi da kanta, in shiru ya yi tsawo ta kwanta. Ba fanka, ba rigima.

Injiniya T/Wada:
Masu jin sautin nan in aka rage murya da dare sai su ɗauka an gama kallo su kashe kansu a tsakiyar fim. Na sha cire su a gidajen mutane. Rile dai.

Baban Ummi:
Mayarwa ba ta taso ba gaskiya, an riga an yi magana a gaban manya, kuma duk wanda ya shigo falon sai ya yaba sautin. Maɓallan ma ba a ƙure suke ba, kusan dai. In na rage su ai amfanin sayen ya tafi. Na yi magana da ƙanin matar tawa, ya ce shi shekara da shekaru yana aiki da ita bai taɓa sa mata wani rile ba. Yanzu dai na manna takarda a jikin talabijin na rubuta A KASHE BAƘAR TUKUNA, na kuma ɗora wa Ummi alhakin abin tunda ita ce babba. Zan ga yadda za a yi zuwa ƙarshen wata. Shi ekstenshan ɗin da Ɗan Rigasa ya faɗa, nawa ne?

Ɗan Rigasa:
Na daɗe ban saya ba, sai an tambaya.

Injiniya T/Wada:
Ka gwada fitilar USB ɗin?

Baban Ummi:
Babu wuta tun jiya, inbata kuma na ce kada a ɗora mata kayan kallo.

Maman Iman:
Ummin shekarunta nawa da za a ɗora mata wannan aikin?