Faya-fayen garmaho na kawuna, ta ina zan fara?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka min. Muna gyaran ɗakin marigayi kawuna sai muka ci karo da kwali cike da faya-fayen garmaho, duk kiɗan Turawan nan ne na goge da fiyano wanda ba waƙa a ciki. Shi a Mosko ya yi karatu lokacin Sobiyet shi ya sa da yawa rubutun Rasha ne a jiki, wasu kuma masu tambari ruwan ɗorawa an rubuta Deutsche Grammophon. Ina yaro bayan isha'i yake sa su ya kishingiɗa ya lumshe ido, ba mai motsi a tsakar gida. Yanzu ƙura ta cinye su, uku ma sun lanƙwashe. Wallahi ina son su, so nake in adana har in ƙaro wasu.

Tsohon Zango:
Allah ya jiƙan kawu. Ɗana ka samu dukiya. Masu rubutun Rashan nan Melodiya ne, kamfanin gwamnatin Sobiyet da aka kafa a 1964, ɗaliban da suka yi karatu can kusan kowa da su ya dawo. Kada ka sa ko ɗaya bai wanku ba, ƙurar hunturu in ta shiga layin faifan, allura na bi tana niƙawa. Ka nemi ruwan batir tatacce, ba mai asid ba fa, ɗigon sabulun ruwa ɗaya da tsumma mai laushi, ka riƙa bin layin a zagaye kada takardar tsakiya ta jiƙe. In sun bushe jera su tsaye kamar littattafai. Lanƙwasar nan zafin bazara ne da jibge su da aka yi, ɗakin tol gashe su yake, kai su ɗakin ƙasa.

Mai Gyaran Rediyo:
Ka duba lamba tukuna yaya, 33 ne ko 45 ko 78, wato yawan zagayen da faifan ke yi a minti ɗaya. Na 78 nauyi gare shi, yana faɗuwa ya fashe kuma allurarsa daban. Sannan kada ka yi irin nawa, na taɓa sayen garmaho ɗan Amurka hannun wani, su bugun kuran ɗinsu sau 60 ne a daƙiƙa namu 50, ko da na sa masa transfo kiɗan jan ƙafa yake yi, kuɗina suka tafi. Nemi na Faransa ko Jamus.

Ƴar Sabon Gari:
Ni a gidajen tsofaffin malaman lakol na samu nawa, iyalan ma ba su san amfaninsu ba. In za ka saya ka zaro faifan ka karkata shi a rana, karcen da farce ke ji to allura ma za ta ji, kuma irin kiɗan nan yana da wuraren da yake yin ƙasa sosai sai ƙaf-ƙaf ɗin ya rufe komai. Ka kuma karanta tsakiya, an sha ba ni jaka daban faifai daban.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai Baba, na gode duka. Na duba, duk 33 ne. Mai Gyara, garmahon kawun ma yana nan, Philips ne, allurar ce ta karye. In kawo maka gobe bayan la'asar?