Rage wutar batirin tarakta zuwa bolt 12: abin da kowa ya gani a gonarsa

Manomin shinkafa, Argungu:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Bara na sayi ƙaramar tarakta mai aiki da batir domin aikin fadama, batira huɗu a jere, jimla bolt 48. Da na buƙaci fitilu biyu da famfon feshi, waɗanda bolt 12 suke ci, sai na ja waya daga batir ɗaya cikin huɗun. Ba a yi wata huɗu ba wannan batirin ya fara riga 'yan uwansa mutuwa, har tarakta ta daina kai ni azahar. An ce in sayi kwanbata, wato na'urar da ke rage wutar. Ina roƙon wanda ya taɓa amfani da ita ya faɗa mini abin da ya gani.

Mai haɗa wutar sola, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Batiran da ke jere caji iri ɗaya suke sha, saboda haka wanda aka ɗora wa ƙarin kaya ba ya cika tare da sauran, kullum yana baya har ya lalace. Kwanbata tana jan wuta daga dukkan huɗun daidai wa daida, shi ya sa ita ce maganin. Abin da na koya da asara shi ne kada a tsaya ga lambar da ake kiran batiran da ita. Batira huɗu na dalma suna kaiwa kusan bolt 58 a lokacin caji. Na taɓa ɗaura kwanbata mai iyakar bolt 60 a keken dakon kaya mai batira biyar, ban lissafa cewa biyar ɗin suna kaiwa 72 ba, a daren farko da aka jona caja ta ƙone, warin roba ya cika shagon, ni na biya daga aljihuna. Tun daga ranar nake karanta iyakar wutar shiga da ke jikinta, in zaɓi wadda ta bar sarari sosai a sama.

Mai lambun albasa, Aliero:
Ni zafi ne ya koya mini darasi. Famfona yana cin amfiya 6 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da kaya ke ja), fitilu biyu masu wat 18 kowace suna cin amfiya 3, jimla 9, sai na sayi mai amfiya 10 ina ganin ta wadatar. Da sanyin hunturu ba ta taɓa ba ni matsala ba, amma da Afrilu ta shigo, zafi ya haura digiri 40, sai ta riƙa ɗauke wuta da tsakar rana ko famfo kaɗai na kunna, jikinta kuwa ba ya taɓuwa da hannu. Na ɗaure ta ne da roba a cikin akwatin da iska ba ta shiga. Ashe ƙarfin da aka rubuta a jikinta yana raguwa idan ta yi zafi, ga shi kuma famfo yana fizgar wuta fiye da ƙa'idarsa a lokacin da zai tashi. Na canza zuwa mai amfiya 20 mai jikin alminiyam, wadda aka toshe cikinta ruwa da ƙura ba sa shiga, na ɗaure ta da noti a jikin ƙarfe ƙarƙashin kujera inda inuwa take. Rani biyu ke nan ba ta tsaya ba.

Tsohon malamin fasaha, Zuru:
'Ya'yana, ku ƙara da wannan. Kwanbata iri biyu ce: akwai wadda baƙar wayar shiga da ta fita, wato wayoyin negatif, suke haɗe a ciki, akwai wadda aka raba su. A wasu taraktocin ba a haɗa babban batir, wato jerin batiran gaba ɗaya, da bodi ba da gangan, to idan baƙar wayar fitilunku a bodi take haɗe, mai rabewar ita ce ta dace, ko da ta fi tsada. Na ga marar rabewa da ta lalace ta saki dukkan bolt 48 cikin fitilu da rediyon wani maƙwabcina. Sannan a sa fis, wato abin da ke yanke wuta idan ta yi yawa, kusa da batir, amma ba irin na mota ba, domin yawancinsu iyakarsu bolt 32 ce.

Mai noman rani, Yauri:
Tawa kai tsaye na jona ta da batir, na yi tafiyar kusan wata biyu, na dawo na tarar caji ya yi ƙasa sosai, domin tana shan wuta kaɗan kaɗan ko ba a kunna komai ba. Yanzu ta makullin tarakta na jona ta, sai an kunna take samun wuta.

Manomin shinkafa, Argungu:
Allah ya saka muku da alheri. Na sa mitar gwada wuta tsakanin baƙar wayar babban batir da bodi domin in duba abin da Baba Malam na Zuru ya faɗa, na tarar ba su haɗe ba, saboda haka mai rabewa zan nema, mai amfiya 20, wadda ke ɗaukar har bolt 72. Batirin da na raunana kuwa, gobe zan kai shi Birnin Kebbi a gwada shi kafin in yanke shawarar canza shi kaɗai ko duka huɗun.