Jijiyar wuyan rago ta gagare ni

Assalamu alaikum, likitocin dabbobi da 'yan'uwa ɗalibai. Ina shekarar farko a karatun kiwon lafiyar dabbobi, kuma ɗibar jini a wuya na neman gagara ta. A jar akuya ba na shan wahala: in danne gindin wuya da babban yatsa, jijiyar ta taso, in soka allura. Amma jiya da aka kawo wani rago mai geza, sau 3 ina sokawa jijiyar na zillewa, har wurin ya kumbura, ragon na ta fizge-fizge. Wallahi tausayinsa ya sa na ajiye allurar.

Shin mai riƙe min kan ne ke ɗaga shi fiye da kima, ko ni ce ba na kwantar da allurar yadda ya kamata? In riƙa aske gezar tukuna? Saura mako 2 jarrabawarmu, don Allah a taimaka min.